Babi na Takwas: Ranar da Takarda Ta Shiga Ofis

A watan Disamba na 2020 wata tsohuwa mai suna Helen Viola Jackson ta rasu a jihar Misuri ta Amurka, tana da shekara 101 a duniya. Jaridu sun ɗauki labarinta ne saboda ita ce ta ƙarshe da aka sani cikin matan sojojin yaƙin basasar Amurka, yaƙin da aka ajiye makamansa tun 1865. Mai karatu zai tsaya yana lissafi da yatsu. Abin da ya faru shi ne, a 1936, tana 'yar shekara 17, ta auri maƙwabcinsu James Bolin, dattijo ɗan shekara 93 wanda ya yi yaƙin a rundunar Arewa. Ita ce ke zuwa tana yi masa 'yan aikace-aikacen gida, shi kuwa ba shi da abin sallamarta, sai ya ce ta aure shi domin bayan ransa fanshonsa ya dawo hannunta. Ya rasu a 1939. Helen ba ta taɓa zuwa neman kuɗin ba, don gudun bakin jama'a da na dangin miji. Ta haɗiye maganar auren har sai da ta kusa cika shekara ɗari.

Shekara 81 ta yi a bayan mijinta, kuma duk tsawon wannan zamani babu ma'aikacin gwamnati ko ɗaya da ya zauna ya duba ko ta cancanci kuɗin ko ba ta cancanta ba. Ba shi da abin dubawa, tunda ba ta shigar da takarda ba. Labarinta ya fita daban, amma ƙa'idar da ta hana ta ita ce dai ke aiki a yau a kan matan sojojin da suka yi yaƙi a Biyetnam da Iraƙi da Afganistan. Hukuma tana soma lissafin haƙƙin matar mamaci ne daga wata rana guda da doka ta tsayar, kuma abin da ke tsayar da wannan rana shi ne lokacin da takardar nema ta isa ofis. A wannan babi zan kira ta ranar soma lissafi.

Kuɗin da ake magana a kai Amurkawa suna taƙaita sunansa su ce DIC. Diyya ce ta wata-wata, ba a cire mata haraji, wadda Ma'aikatar Kula da 'Yan Mazan Jiya, wato VA, ke biyan wadda mijinta ya mutu a bakin aikin soja, ko kuma ya bar aikin amma ciwon da ya samo a can ya yi ajalinsa ko ya taimaka wajen mutuwar. Haka ma idan hukuma ta riga ta tabbatar da cewa ya naƙasa ɗari bisa ɗari tsawon shekara goma kafin rasuwarsa, to ko mene ne ya kashe shi matarsa tana da haƙƙi. Namijin da matarsa ce sojan shi ma dokar ta haɗa da shi, sai dai yawancin masu karɓa mata ne, shi ya sa zan riƙa cewa mata. An kafa dokar a 1956, ta fara aiki a farkon 1957. Da can girman muƙamin miji ne ke yanke yawan kuɗin. Daga mutuwar da ta auku ranar 1 ga Janairun 1993 zuwa yau, matar kurtu da matar janar farashinsu ɗaya, kuma wannan gyara ne da ya cancanci yabo. A Disambar 2023 tushen kuɗin ya zama dala 1,612.75 a wata, a Disambar 2024 ya koma dala 1,653.07, ban da ƙarin da ake yi don ƙananan yara ko don matar da ita kanta ke buƙatar mai jinya.

Dokar ranar soma lissafi tana sashe na 5110 na kundin dokokin 'yan mazan jiya, kuma gajeriya ce. Idan takardar nema ta isa hannun VA cikin shekara ɗaya da rasuwar miji, ana komawa baya a soma lissafi daga ranar farko ta watan da ya rasu. Idan shekarar ta wuce, ko da kwana ɗaya ne, lissafi ya soma daga ranar da takardar ta shiga. Akwai kuma sashe na gaba da shi, wanda ya ce kuɗi ba sa fara taruwa sai ranar farko ta watan da ke biye.

Mu ɗauki mata biyu a unguwa ɗaya, mazajensu duka tsofaffin sojoji, duka ciwon da aka tabbatar na aiki ne ya ɗauke su, kuma rana ɗaya suka rasu, 20 ga Maris na 2024. Ta farko ta shigar da takardarta ranar 10 ga Fabrairun 2025, wata goma sha ɗaya bayan rasuwar. Ta makara a idon maƙwabta, amma a idon doka tana cikin lokaci. Ranar soma lissafinta 1 ga Maris na 2024 ce, kuma idan aka amince za a tara mata ariyas tun daga Afrilun 2024 a zuba mata gaba ɗaya. Ta biyu ta shigar da tata ranar 10 ga Afrilun 2025, sati uku bayan cikar shekara. Ita ma an amince ta cancanta, hujjojinta ba su da aibu ko kaɗan, amma kuɗinta zai fara ne daga Mayun 2025. Wata goma sha uku ke nan suka tafi: takwas a tsohon farashi, biyar a sabo. In ka tara, abin ya haura dala 21,000. Tsakanin takardun biyu wata biyu ne kacal. Ga matar da ta haura sittin, wadda fanshon miji ya tsaya mata rana tsaka, wannan kuɗin hayar gida ne da magani na shekara guda.

Wani zai ce ai shekara ɗaya ba kwana ɗaya ba ce. Wanda ya taɓa zama a gidan makoki ya san yadda shekarar farko ke gudu. A wajenmu mace tana takaba wata huɗu da kwana goma, wato fiye da sulusin wa'adin ya tafi kafin ta ma fara fita harkokinta yadda ta saba. Ba'amurkiya ba ta da wannan zama, amma zuciya ba ta san ƙasa ba. Ranar jana'iza sojoji biyu cikin kayan sarki suna naɗe tutar da aka lulluɓe akwatin gawa da ita, su mai da ita mai kusurwa uku, ɗaya ya durƙusa ya miƙa wa matar. Ta dawo gida ta ɗora tutar a kan kabad. A teburin kicin kuwa ambulan ne ke taruwa: na asibiti, na banki, na kamfanin inshora, na masu binne gawa. A cikinsu mai yiwuwa akwai na VA, da fom mai lamba 21P-534EZ da shafukan bayani rututu. Ta buɗe, ta ga ana tambayar ranar da ya shiga soja da ranar da ya fita, da takardar sallama da rabonta da ganinta tun suna tsohon gida. Ta mayar ta rufe, ta ce sai ɗanta ya zo hutu.

Abu uku ne suka fi cinye wa mata wannan shekara. Wata tana jira ne takardu su cika, musamman takardar shaidar mutuwa, ko gyaran da take so likita ya yi a kanta don a ambaci ciwon da ya samo a soja. Wata ta ɗauka tunda hukuma ta san ya mutu, har ta tsayar da kuɗinsa, to nata zai zo da kansa. Wata kuma ta tambayi wani da baki, aka ce mata ba za ta samu ba, ta haƙura. Ta ukun nan ita ce asararta ta fi girma, zan dawo kanta.

Kotuna ba su sassauta ba. A 1999, a shari'ar da aka fi sani da sunan Rodriguez, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke wa wata matar mamaci hukuncin cewa tambayar baki a ofis ba ta zama nema, sai abin da aka rubuta. A ranar 23 ga Janairun 2023 kuma Kotun Ƙoli ta rufe ƙofar uzuri a shari'ar Adolfo Arellano. Shi sojan ruwa ne da ya yi aiki daga 1977 zuwa 1981, yana cikin jirgin yaƙin Midway lokacin da ya yi karo da wani jirgin dakon kaya. Ya fito da taɓin hankali mai tsanani, bai nemi diyya ba sai 2011. Hukuma ta yarda ciwon na aiki ne, ta soma biyansa daga 2011. Lauyoyinsa suka ce ciwon da ake biyansa dominsa shi ne ya hana shi nema shekara talatin, don haka adalci ya sa a koma baya. Alƙalai tara suka haɗu a kan a'a. Mai shari'a Amy Coney Barrett ce ta rubuta hukuncin, ta ce majalisa ta jera togaciya goma sha shida a sashe na 5110, kuma wanda ya jera goma sha shida da gangan ya bar ta goma sha bakwai. Ƙaramin sashen da aka yi shari'ar a kansa na sojan ne da kansa, amma hujjar ta shafi ginin sashen gaba ɗaya. Duk matar da za ta je ta ce baƙin ciki ne ko rashin lafiya ko rashin sani ya sa ta makara, ta san irin amsar da ke jiranta.

Gwamnati tana da tata hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Baitulmali yana son sanin bashin da ke kansa, hujjoji suna ɓacewa in shekaru sun ja, kuma ƙa'ida ɗaya ga kowa ta fi barin kowane ma'aikaci ya auna hawayen mutane da mudunsa. Na yarda da wannan a kan sojan da ya zo bayan shekara talatin yana cewa gwiwarsa tun sansanin horo take ciwo. A kan matar mamaci hujjar ba ta da ƙarfi haka. Ranar mutuwa ba ta ɓacewa. Sau da yawa sunan matar yana cikin fayil ɗin mijin, tunda saboda ita ake ƙara masa wani abu a wata. Hukumar da ke da masaniyar tsayar da kuɗin miji cikin makonni tana da masaniyar buɗe wa matarsa fayil a ranar.

Saurin tsayarwar nan ma ya taɓa jawo abin kunya. A 1996 majalisa ta yi doka cewa kuɗin watan da tsohon soja ya rasu a cikinsa na matarsa ne, ko da ranar ɗaya ga wata ya cika. Ba a gyara kwamfutocin VA sun bi dokar ba. Shekara goma sha biyu ana aika wa mata wasiƙa su dawo da kuɗin watan, wasu ma a zare shi daga asusunsu na banki alhali sun riga sun kashe shi a hidimar jana'iza. Sai a ƙarshen 2008 kukan wata mata ya kai kunnen Sanata Daniel Akaka na jihar Hawai, wanda a lokacin ke shugabantar kwamitin 'yan mazan jiya a Majalisar Dattawa, sannan hukumar ta amsa kuskurenta ta shiga neman matan tana mayar musu. A 2016 an yi wata doka da ta ba VA damar soma biyan matar mamaci ba tare da fom ba idan abin da ke cikin fayil ya wadatar. Hanya ce mai kyau, sai dai ba kowace mace take ɗauka ba, kuma ba abin da mace za ta jingina da shi ta zauna jira ba ne.

Akwai 'yan ƙofofi ƙanana da ya kamata a sani. Tun ranar 24 ga Maris na 2015 ana iya shigar da abin da ake kira niyyar nema, fom ne ɗan gajere mai lamba 21-0966, har ta waya ana iya yi, ma'aikaci ya rubuta a fayil. Ba a neman hujja ko ɗaya a wannan mataki. Yana kama ranar ne kawai ya riƙe, ya ba mace wata shekara guda ta kammala cikakken fom. Da matarmu ta biyu ta ɗaga waya a watan Fabrairu, da dala 21,000 ɗin nan ba su tafi ba. Ƙofa ta biyu ta fi ɓuya: doka ta ce neman haƙƙin mamaci da aka shigar a hukumar fanshon jama'a ta Social Security, a kan fom ɗin da hukumomin biyu suka yi tarayya a kansa, ana ɗaukarsa tamkar ya shiga VA a ranar. Mata da yawa can suke fara zuwa bayan rasuwa, don haka wadda aka ce ta makara ya kamata ta koma ta binciko abin da ta sa wa hannu a wancan ofishi. Sannan fom ɗin DIC ɗaya yana wakiltar nema uku: diyyar kanta, da fanshon matan mamata marasa ƙarfi, da ragowar kuɗin da mijin ke bin hukuma bai karɓa ba. Wannan na ukun, da damar mace ta ci gaba da ƙarar da mijinta ya mutu ya bari a buɗe, shekara ɗaya ne wa'adinsu, in ta wuce sun tafi ɗungurungum.

Yanzu mu koma ga matar da aka ce wa kada ta wahalar da kanta.

Daga 1962 zuwa 1971 jiragen Amurka sun yi feshin miliyoyin galan na maganin kashe ganye a dazukan Biyetnam don tone maɓoyar abokan gaba. Wanda aka fi amfani da shi shi ne Agent Orange, sunan da ya samo daga zanen ruwan lemo da ke jikin gangunansa, kuma yana ɗauke da guba mai suna dayoksin. Sojoji suka dawo gida, shekaru suka wuce, sankara iri-iri ta fara ɗaukarsu. Hukuma ta ce babu hujja. A ƙa'idar da ta fitar a 1985 ciwon fata guda ɗaya kawai ta yarda yana da alaƙa da feshin. A 1986 aka shigar da ƙarar taron dangi a kotun tarayya ta arewacin Kalifoniya, kuma sunan da ke kan gaba na wata matar mamaci ne, Beverly Nehmer. A watan Mayun 1989 mai shari'a Thelton Henderson ya soke ƙa'idar, ya ce hukuma ta ɗora wa sojoji nauyin hujjar da ya wuce abin da doka ta nema. A 1991 majalisa ta yi dokar Agent Orange, kuma a shekarar aka ƙulla yarjejeniya a gaban kotu wadda har yau take aiki. Abin da ta ƙunsa shi ne, duk lokacin da VA ta ƙara wani ciwo a jerin waɗanda ake ɗauka feshin ne ya jawo su, wajibi ne ta koma ta tono tsofaffin takardun da ta ƙi a kan wannan ciwo, ta sake duba su, ta biya tun daga ranar takardar farko.

Ga yadda abin yake a aikace. Tsohon sojan Biyetnam ya mutu da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya a 1998. Matarsa ta shigar da takarda a shekarar, aka ƙi, domin a lokacin ba a san ciwon zuciya a jerin ba. Ta ajiye wasiƙar ƙin a akwati ta ci gaba da rayuwa. Ranar 31 ga Agustan 2010, zamanin da Janar Eric Shinseki ke riƙe da ma'aikatar, aka ƙara ciwo uku: wannan na zuciya, da ciwon karkarwa na Parkinson, da wani nau'in sankarar jini. Takardarta ta 1998 ta farka. Aka biya ta ariyas na shekara goma sha biyu, kuma da ta rasu kafin lokacin, 'ya'yanta ne za su karɓa. Maƙwabciyarta da mijinta ya mutu da ciwo iri ɗaya a shekara ɗaya, amma wani mai kyakkyawar niyya ya ce mata ba a biyan ciwon zuciya, ba ta da tsohuwar takardar da za a tono. Idan ta nema bayan sauyin, ƙa'idar sabuwar doka ce za ta hau kanta: a koma mata baya shekara ɗaya in ya yi yawa, kuma ba za a tsallake ranar da sauyin ya fara aiki ba. Wanda ya ba ta shawarar gaskiya ya faɗa mata a ranar, amma ya jawo mata asarar shekara goma sha biyu.

Ba sau ɗaya abin ya faru ba. Sojojin ruwa da jiragensu suka tsaya a gaɓar Biyetnam ba su taka ƙasa ba, an daɗe ana ƙin su, sai a 2019 kotu da majalisa suka shigar da su, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, aka sake buɗe tsofaffin fayiloli. A 2021 aka ƙara sankarar mafitsara da wasu cututtuka biyu. Sai babbar dokar PACT, wadda Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agustan 2022. Tana ɗauke da sunan Saje Heath Robinson na jihar Ohayo, wanda ya yi aiki a Kosobo da Iraƙi, ya mutu da sankarar huhu a 2020 yana da shekara 39. A sansanonin Iraƙi da Afganistan ana haƙa manyan ramuka a zuba shara, da roba, da batir, da tarkacen asibiti, a watsa man jirgi a cinna wuta, sojoji suna kwana suna tashi cikin hayaƙin. Dokar ta ƙara cututtuka sama da ashirin a jerin, ta kuma ƙara hawan jini ga mutanen Biyetnam. Ga matan mamata ta yi tanadi na musamman: wadda aka taɓa ƙi, idan ciwon da ya kashe mijinta ya shiga sabon jeri, za a sake duba takardarta kamar dai jerin yana nan tun ranar da ta fara nema. Bambancinta da yarjejeniyar Nehmer shi ne a nan sai matar ta ce tana so. VA za ta aika wasiƙa zuwa adireshin da ke fayil, wanda mai yiwuwa ta bar shi shekara goma da suka wuce.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk al'amarin. Ilmin likitanci yana tafiya a hankali, gwamnati tana binsa a baya da shekara ashirin ko talatin, kuma idan ta iso, waɗanda take biya cikakke su ne waɗanda suka nemi abin da a lokacin ba su da haƙƙinsa a takarda. Mai kunya da mai gudun wahalar da hukuma da mai yarda da maganar ma'aikaci su ne ke tashi da kaɗan. Tsarin da ya ginu haka ya kamata ya faɗa wa kowace matar mamaci ƙarara cewa ta nema ko da ana ganin za a ƙi.

Wadda aka ƙi kuma tana da nata agogon. Shekara ɗaya take da ita daga ranar wasiƙar ƙi. Tun 19 ga Fabrairun 2019 hanya uku ce: ta kawo sabuwar hujja, ko ta nemi babban ma'aikaci ya sake dubawa, ko ta ɗaukaka ƙara zuwa hukumar alƙalan 'yan mazan jiya. Muddin ba ta bari shekara ta wuce tsakanin mataki da mataki ba, ranarta ta asali tana nan ko shari'ar ta kai shekara goma. In igiyar ta tsinke, sabuwar hujja za ta iya ba ta nasara, amma lissafi daga sabuwar rana zai soma. Hanyar da ta rage ta komawa baya ƙunci gare ta: ko a nuna kuskure bayyananne wanda ba ya karɓar gardama a tsohon hukuncin, ko a gano wasu takardun aikin soja da ba sa cikin fayil lokacin da aka yanke shi.

Sake aure ma rana ce ke hukunci a kansa. Da, mace ta yi aure kuɗin ya tsaya. Daga 16 ga Disambar 2003 aka ce wadda ta yi aure bayan ta kai shekara 57 ta ci gaba da karɓa, sannan daga 5 ga Janairun 2021 aka sauko da shekarun zuwa 55. Matan da suka riga suka yi aure bayan 57 kafin dokar 2003 an ba su shekara ɗaya tak su nemi a mayar musu, wa'adin ya ƙare a tsakiyar Disambar 2004. Wadda labari bai kai mata ba a wannan shekarar ta rasa.

Mutanen Nijar da Chadi ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi, ya tsaya cak yayin da na Faransawa ke hawa. Sai da aka yi ta shari'a, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta yi hukunci a watan Mayun 2010, sannan aka daidaita daga farkon 2011. Amma wani ɓangare na gyaran sai wanda ya rubuta ya nema, kuma daga ranar nemansa ake lissafi. Yawancin mazan sun riga sun kwanta dama, matan da suka bari kuwa tsofaffi ne a garuruwan da labarin dokar Faris ba ya saurin isa.

'Yan Afirka ta Yamma da yawa suna cikin sojan Amurka a yau, wasu sun gama sun yi ritaya, kuma dokar DIC ba ta sharɗanta cewa matar ta zama 'yar ƙasa ko tana zaune a Amurka ba. Taimakon cika fom ɗin kyauta ne a wajen wakilan ƙungiyoyin 'yan mazan jiya da hukuma ta tantance, irin su American Legion da DAV, kuma doka ta hana lauya ko wakili karɓar kuɗi a kan neman farko. Idan kana da 'yar'uwa ko maƙwabciya da mijinta ya taɓa sa kakin sojan Amurka, Allah ya yi masa rasuwa, kada ka jira ta gama takaba ko takardu su cika, kuma kada ka yanke mata hukuncin cewa ba za ta samu ba. Ka zauna kusa da ita a shigar da niyyar nema kafin addu'ar arba'in, ku rubuta ranar a takarda, ku ajiye kwafin duk abin da kuka aika.